Dardumar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 4:10 na yamma

Na dawo daga Bagwai. 'Yan sanda sun bar ni na ga Uwais na minti goma ta tsakanin ƙarafa. Farar rigar da ya sa ranar Juma'a ce a jikinsa har yanzu, sai dai ba fara ba ce kuma.

Abin da ake faɗa shi ne: ranar Juma'a, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, an sami wani manomi, Ɗanliti, a gonarsa ta gefen dam ɗin Watari an yi masa jina-jina. Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Satin da ya wuce sun yi cacar baki da Uwais a kan juyin ban ruwa, a gaban mutane. Wani ya ce ya ga babur irin nasa a hanyar dam. Kowa ya san duk Juma'a Uwais ke ɗaukar Baba zuwa masallacin Bagwai saboda idonsa, ya sauke shi a ƙofa, ya ɗauko shi bayan an idar. Amma da aka tambayi mutane, babu ko ɗaya da ya ce ya gan shi a cikin sahu.

Na ce, "Uwais, bayan ka sauke Baba ina ka je?"

Ya yi shiru. Ƙanena ne, ni na goye shi, na san shirunsa kala-kala, wannan ban san shi ba. Sai da ɗan sandan ya fara buga makulli a ƙofa sannan ya ce, "Yaya Bilki, jakata tana ƙarƙashin gado. Ki kira Najib. Amma don girman Allah kada Baba ya sani."

Ban yi kuka ba. A mota na sayi gyaɗa na ci.

Litinin, 6:30 na yamma

Kwamfutarsa ce a jakar, tsohuwar nan mai tsagaggen gefe. A naɗe take cikin dardumar da Baba ke ba shi duk Juma'a. Inna ta daɗe tana yaba masa, wai autanta akwai tsabta, dardumarsa ba ta taɓa dawowa da ko ƙwayar yashi ba.

Najib abokinsa ne tun makaranta, yanzu yana aiki a Legas. Sai da na yi masa tsawa sannan ya buɗe baki. Karta ce. Ta intanet, da kuɗi, wadda suke kira foka. Duk Juma'a in ya sauke Baba sai ya zagaya bayan kasuwa, shagon cajin wayar wani Sabiru, su turo ƙofa. Wai lokacin ne sabis ya fi ƙarfi, tunda kowa yana masallaci ya kashe waya.

Najib ya ce akwai manhaja a kwamfutar da ke rubuta kowane hannu, wato kowane rabon karta ɗaya, da ranarsa da mintinsa. In ta buɗe za a ga inda hankalin Uwais yake a lokacin da ake magana.

Na kunna. Ta ƙi buɗewa. Ta ce rumbun bayanan ya samu matsala.

Talata, 6 ga Mayu, 11:00 na safe

Barista Kamaruddeen, lauyan da maigidana ya samo mana, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Hajiya, laifin caca daban, laifin jini daban. Ki kawo min takardar nan kawai." Ya riga ya je wajen Sabiru, Sabiru ya ce shi bai san wani Uwais ba, yana tsoron a rufe masa shago. Barista ya ce in takarda ta zo gabansa dole bakinsa ya buɗe.

Bayanin Najib kuma: ranar Juma'ar Uwais ya ji an yi sallama, ya fizge waya daga soket don ya yi saurin ɗauko Baba. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka ta ɗauke tana tsakiyar rubutu. Kuma hannu sama da dubu ɗari huɗu ne a ciki, shekara da shekaru bai taɓa yi wa rumbun shara ba. Dole a sa ta ta gyara, ta sake jera komai daga farko. A sabuwar kwamfuta aikin yini ɗaya ne. A wannan, kwana biyar ko shida.

"Kuma Yaya, kada wuta ta ɗauke ko sau ɗaya. In ta ɗauke an koma sifili. Kada ki ɗauke ta ki kai Kano, ina jin ƙarar da cikinta ke yi ta waya, in ta sha gargada shi ke nan."

Na ce masa Allah ya saka, ba da muryar godiya ba.

Talata, 5:45 na yamma

Na jona ta da solar gidan a tsohon ɗakina. Na hana kunna fanka da talabijin don batir ya kai safiya. Na ce wa Baba aikin asibiti ne, sunayen yaran rigakafi nake shigarwa kamar yadda na saba a Tsanyawa. Ya ce Allah ya yi albarka. Shekarata talatin da ɗaya, wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa ido da ido, kuma ta fito sumul.

Wani ɗan layi ne kore, da lamba a gefensa. Kashi 0.

Laraba, 7 ga Mayu, 7:15 na safe

Kashi 9.

Laraba, 2:00 na rana

Kashi 14. Zafi kamar a soya ƙwai a kan dakali. Na ɗora ta a kan bulo biyu kusa da randa, ina yi mata fifita da mafici. Ban taɓa yi wa maigidana fifita haka ba.

Masu jaje suna ta shigowa. Kowa da "Allah ya bayyana gaskiya," kowa kuma idonsa na yawo a tsakar gida.

Alhamis, 8 ga Mayu, 1:20 na rana

Ta kai kashi 31. Na fita in kai wa Baba ruwan alwala. Na dawo na tarar da wata Hajiya, ƙawar Inna daga Tsanyawa, zaune a bakin gadona, wayarta a jone inda tawa wayar wutar take. Fuskar kwamfutar baƙi ƙirin.

Ta ce, "'Yar nan, na ɗan ara soket ɗinki, ta kusa mutuwa ne."

Na ce, "Ba komai, Hajiya. Sannu da zuwa." Har ruwa na kawo mata. Baƙuwa ce, ta zo jaje, ba a hana baƙo soket.

Alhamis, 6:00 na yamma

Kashi 0. Na naɗe soket ɗin da salatif, na jingina turmi a gabansa.

Juma'a, 9 ga Mayu, 12:40 na rana

Maƙwabci ne ya kai Baba masallaci. Babur ɗin Uwais yana hannun hukuma. Kashi 11.

Asabar, 10 ga Mayu, 8:00 na safe

Ɗanliti ya cika da asuba. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Baba ya je jana'iza, an ce mutane sun buɗa masa wuri fiye da yadda ake bukata.

Kashi 27.

Lahadi, 11 ga Mayu, 5:30 na yamma

Baba ya tara mu, ni da Inna, a ƙofar ɗakinsa. An sa ranar zama gaban alƙali, Alhamis 22 ga wata.

Ya ce, "Na yanke shawara. Zan yi alwala, in ɗauki Alƙur'ani a gaban kowa, in rantse tare muka yi sallah da yaron nan."

Na ce, "Baba, ai kai a sahun gaba kake zama. Ka gan shi?"

"Bilkisu, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni, da dardumarsa a jaka. Ina mutum zai je ranar Juma'a ana huɗuba? Ɗana ne. Ba sai na juya ba."

Wannan Baban ne, Malam Abdulganiyu, wanda ya shekara talatin yana jan sallah a masallacin unguwarmu. Shi ya koya mana cewa ba a dafa Littafin Allah a kan zato, wanda ya dafa a kan ƙarya kuwa ba ya gama shekara lafiya. Ko a cinikin akuya bai taɓa cewa wallahi ba.

Don haka yanzu ga yadda abin yake. In kwamfutar ba ta gama kafin ranar ba, Baba zai rantse a kan abin da bai faru ba, kuma ba lallai rantsuwar ta fito da Uwais ba. In ta gama, ni ce zan faɗa masa. In na faɗa masa yau ba tare da komai a hannu ba, na karya shi a banza, Uwais na nan a ciki.

Na je na duba. Kashi 49. Ban ji komai ba.

Litinin, 12 ga Mayu, 3:50 na yamma

Na je Bagwai kai masa abinci. Kafin in fita na ce wa Inna kada kowa ya taɓa waya ko soket. Ta riƙe amana, babu wanda ya taɓa.

Sai dai mata sun cika ɗakin, yara na ta leƙe, kaji na shigowa. Inna ta ga abu mai daraja a buɗe a ƙasa, ta yi masa abin da take yi wa kwanukanta na jere: ta ɗauko dardumar Uwais ta ninka biyu ta lulluɓe ta ruf, har ta danna gefe-gefen da kyau.

Da na ɗaga, hannuna sai da ya ƙone. Ta kashe kanta saboda zafi. Da safe na bar ta a kashi 64.

Inna ta ce, "Ke, na yi ɓarna ne?" Ba ta faɗar sunana, ni ce 'yar fari.

Na ce, "A'a Inna, kin kyauta."

Talata, 13 ga Mayu, 9:00 na safe

Ta ƙi tashi.

Talata, 4:00 na yamma

Ta ƙi tashi. Na wanke kayan Inna da na Baba, har da waɗanda ba su yi datti ba.

Laraba, 14 ga Mayu, 10:30 na safe

Najib ya bugo sau shida. Ban ɗaga ba.

Na ji Baba a zaure yana tilawa. Murya ɗaya ce da ta kullum.

Alhamis, 15 ga Mayu, 7:40 na safe

Na ɗaga. Ya ce in zare mataccen batirin gaba ɗaya, in danne maɓallin kunnawa in ƙirga talatin, in hura bayanta. Na hura, wata ƙura ta fito mai kamar audugar katifa. Ta tashi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Yaya, kin zama injiniya fa."

Na ce, "Najib, kai ka sa masa wannan abin?"

Ya ce ai don ya rage asara ne, manhajar tana nuna wa mutum kurakuransa.

Na ce to ta nuna.

Kashi 0. Saura kwana bakwai. Na sa wa ɗakin kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanina.

Juma'a, 16 ga Mayu, 1:30 na rana

Kashi 19. Gidan tsit, maza sun tafi masallaci. Na duba wayata, sabis ya cika taf. Ashe gaskiya ne.

Asabar, 17 ga Mayu, 2:15 na rana

Kashi 38. Fifita.

Lahadi, 18 ga Mayu, 5:00 na yamma

Na faɗa wa Uwais maganar rantsuwar. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Ki hana shi."

"Da me zan hana shi?"

"Ki ce masa komai, ban da wannan. Yaya Bilki, gara in zauna a nan."

Na ce, "Kai ka zauna, shi ya dafa Alƙur'ani a kan ƙaryarka? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Uwais. Ba shawararka na zo nema ba."

Ya yi kuka irin na yarinta, baki a buɗe. Na tsaya ina kallonsa, ina tunanin ko na tuna na buɗe tagar ɗakin don iska ta shiga. Ina son yaron nan, na sani. Kawai ban san inda na ajiye son ba a 'yan kwanakin nan.

Kashi 57.

Litinin, 19 ga Mayu, 3:20 na yamma

Hadari ya haɗu tun hantsi. Duk garin murna, ana ta fito da iri, wai ruwan shuka ya zo. Ni kaɗai ce a ƙasar Kano nake roƙon rana.

Fitilar batir ta koma ja. Na aika aka ɗauko batirin injin ban ruwan maƙwabci, na ce firjin maganin asibiti ne ke bukata. Ƙarya ta huɗu ko ta biyar. Najib ya yi min kwatancen haɗawa ta waya, na haɗa.

An yi yayyafi kaɗan ya wuce. Kashi 76.

Talata, 20 ga Mayu, 4:45 na yamma

Kashi 99.

Laraba, 21 ga Mayu, 6:50 na safe

Kashi 99.

Laraba, 11:00 na safe

Kashi 99. Najib ya ce haka take yi, ƙarshen ne ya fi nauyi, kada in taɓa komai. Inna tana yi wa Baba gugar babbar rigarsa ta gobe. Ya sa an sauko masa da Alƙur'aninsa na gafaka, wanda ya gada wajen mahaifinsa, ya ce da nasa zai je.

Laraba, 3:35 na yamma

Ta buɗe.

Babu wata ƙara, layin ne kawai ya ɓace, jeri ya fito. Na nemo 2 ga Mayu. Hannu na farko 1:09. Na ƙarshe 2:41, shi ne wanda ya yanke a tsakiya. Tsakaninsu babu gibin da ya kai minti biyu. Na ɗauki hoto na tura wa Barista, ya amsa da kalma ɗaya: madalla.

Da na tsaya nan da ya fi min. Amma akwai wurin da ake zaɓar rana, sai na zaɓi Juma'a.

Laraba, 6:20 na yamma

Na same shi a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar, yana yanke farce. Na durƙusa na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, ban san ma yadda ake yi ba yau. Na faɗa masa shagon, da kartar, da abin da ke naɗe a cikin dardumar, da cewa ba sunayen rigakafi nake shigarwa ba.

Bai daina yanke farcen ba sai da ya gama hannun.

"Wannan takardar za ta fito da shi?"

"Barista ya ce insha Allahu."

"Alhamdu lillahi." Ya tattara farcen a tafin hannu. "Ranar nan kaɗai ce?"

Na kalli farcen da ke tafinsa.

"Bilkisu, na'urar taki ai ba ta mantuwa. Juma'a nawa?"

Na ce, "Casa'in da ɗaya, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa farashin taki. Sai ya ce, "A hanyar dawowa nakan tambaye shi huɗuba. Yakan ce ta yi kyau." Ya miƙo min gafakar ya ce in mayar inda take.

Alhamis, 22 ga Mayu, 5:10 na yamma

An kira Baba. Ya miƙe cikin gogaggiyar rigarsa, hannu babu komai. Alƙali ya tambaye shi ko ya ga ɗansa a masallaci ranar. Ya ce, "Ban gan shi ba, ranka ya daɗe. Ban taɓa juyawa na duba ba."

Barista ya miƙa takardu. Aka kira Sabiru, ya ga jerin, ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiya yana zufa. Ɗakin cike yake da 'yan unguwarmu, masu bin Baba sallah. An karanta kalmar caca da ƙarfi sau huɗu. Uwais bai ɗago kai ba.

An ɗage zama. Har yanzu ba a san wanda ya je gonar Ɗanliti ba. Matarsa tana zaune a layin baya, da muka fito na gaishe ta, ta amsa.

Lahadi, 25 ga Mayu, 1:00 na rana

Na kama kaina ina yi wa kwamfutar fifita. A kashe take.

Alhamis, 29 ga Mayu, 4:30 na yamma

An ba da belinsa, an sako babur ɗin. Inna ta rungume shi tana cewa auta, auta. Ya durƙusa a ƙofar Baba ya fi rabin awa. Baba ya ce, "Sannu da zuwa. A ba shi ruwa." Bai ƙara ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, 12:50 na rana

Jakata a haɗe take, da yamma zan koma Tsanyawa.

Tun sha biyu Uwais ya yi wanka, ya fito da babur ƙofar gida, ya goge kujerar sau biyu, ya tayar da shi. Ina kallo ta zaure.

Baba ya fito da sandarsa, da darduma biyu a hammata kamar kullum. Inna ta wanke ta Uwais jiya. Ya zo daidai babur ɗin ya tsaya. Uwais ya gyara zama, ya matsa gaba ya ba shi wuri.

Baba ya zaro ɗaya ya ajiye a kan kujerar, inda ya saba zama. Sannan ya wuce, yana laluben hanya da sanda, ya nufi bakin titi inda ake tsayar da bas.

Uwais bai bi shi ba, bai kuma kashe injin ba. Ya ɗora hannu a kan dardumar.

A nan ne kukan ya zo min, a tsaye, da makullin ɗakin har yanzu a bakin zanina.